Hancin Jirgin Yaya Hanzala

Ranar Alhamis, 17 ga Afrilu 2025, cikin watan Shawwal, da hantsi, ina tsaye a rumfata a babbar kasuwar Garwa ina gyaran nama, sai wayata ta yi ƙara. Raudatu ce, 'yar yayata. Ba ta gaishe ni ba, abin da ba ta taɓa yi ba tun da ta iya magana. Cewa kawai ta yi, "Kawu, Baba ya cika." Na ajiye wuƙa, na zauna a benci, na furta abin da Musulmi ke furtawa a irin wannan lokaci: na Allah muke, kuma gare Shi makomarmu take.

Malam Hanzala Mahamman, makanike, mijin yayata Hawa'u, ya rasu a gidansa na unguwar Yelwa yana da shekara sittin da tara, bayan jinya ta fiye da shekara guda. An sallace shi bayan azahar, cikin zafin nan na Afrilu da duk ɗan Garwa ya sani, amma sahu ya kai har bakin titi. Malamai sun zo, manoman albasa na bakin Binuwai sun zo, masu moto, wato 'yan acaɓa, sun ajiye aiki sun zo. Maƙwabtansa Kiristoci suka tsaya gefe a inuwar darbejiya, ba wanda ya motsa har aka ɗauke shi.

Yaya Hanzala, yau kwana tara ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa. Bari in fara da abin da ya fi sauƙin faɗa.

A daminar 1994 mahaifinmu, Malam Usmanu, ya je sayen shanu Rai Buba, zazzaɓi ya kwantar da shi a can. Ruwa ya yanke hanya, motoci sun daina shiga. Mu 'ya'yansa maza uku muna zaune muna shawarar a jira ruwa ya janye, kai da kake suruki ka tashi ba ka ce da kowa komai ba, ka ɗaure jarkar fetur a bayan tsohon babur ɗinka ka kama hanya. Kwana huɗu ba labarinka. A rana ta biyar ka shigo da shi ɗaure a bayanka da rawani, ƙafafunka sun kumbura har takalmi ya ƙi fita sai da aka yanka shi. Baba ne ya ba mu labari daga baya, yadda a kowane rafi kake fara saɓa shi a kafaɗa ka kai shi gaci, sannan ka dawo ku ɗauki babur kai da masunta. Kai kuwa ko sau ɗaya ban ji ka ba da wannan labari ba. In wani ya tayar da shi, sai ka ce babur ɗin ne ya yi ƙoƙari.

Madam Honorine, maƙwabciyarku mai injin markaɗe, ta zo gaisuwa ranar uku, ta zauna kusa da Yaya Hawa'u tana kuka. Ta ce shekarar da mijinta ya mutu injin ya tsaya, ta yanke shawarar sayar da shi ta koma ƙauye da 'ya'yanta. Kai ka hana ta. Ka kwance injin a tsakar gidanta, ka sa ta riƙe kowane ƙarfe da hannunta ta faɗi sunansa da aikinsa, kwana da kwanaki, har ta iya mayar da shi da kanta. Ka ce mata ba kullum za ta same ka ba. Da wannan inji ta raini 'ya'ya huɗu, kuma har yau ita ke gyara abinta.

Sai maganar jirgi, wadda saboda ita wasu suka ɗauke ka dattijo mai wasan yara. Ni ma ina cikinsu a farko.

Tun kana saurayi ka yi shekara tara kana aiki da wani kamfani mai ƙaramin jirgin sama, wanda ke feshin tsuntsayen jan-baki a gonakin dawar masakwa na wajen Bogo da Mindif. Jirgin rawaya ne, kujerarsa ɗaya tak, ta matuƙi. Kai ke wanke shi, kai ke canja masa mai, kai ke buɗe murfin hancinsa, wanda ku makanikai kuke kira kapo, ka duba inji ka mayar ka ɗaure. Shekara tara kana tsaye a ƙasa kana kallon tashinsa. Ba ka taɓa barin ƙasa a cikinsa ba, ko a cikin wani jirgi, har ka koma ga Ubangijinka. Da kamfanin ya rufe aka tafi da jirgin, abin da ya rage maka hoto ɗaya ne da ya koɗe.

Da girma ya zo, ka fara gina irinsa ƙarami, kamarsa a kowace gaɓa, fukafukinsa mita biyu daga baki zuwa baki. Da tukurwa da katakon rimi ka yi gangar jikin, ka lulluɓe da yadi, ka shafa fenti rawaya. Raudatu, da ke koyar da kimiyya a lise, wato makarantar sakandare, ita ta sa aka aiko maka da rimot daga Duwala, da ƙananan na'urorin da ke motsa jela da fukafuki, ita kuma ta koyi tuƙin a kan kwamfuta. Injin na fetur ne, ka ciro shi daga abin feshi na goyo irin na manoman auduga, ka rage masa duk abin da ke ƙara nauyi. Saura kawai a zaunar da shi a hanci a rufe, ciwo ya faɗo maka. Shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke hannun dama, ciwon suga kuma yana cin idanu a hankali. Jirgin ya yi wata takwas a rataye a zaure, hancinsa a buɗe.

Wata Juma'a na kawo wa Yaya Hawa'u nama, ka kira ni ka ce in ba ka hannuna. Ka shafa shi da hagunka, ka ce hannun da ke shimfiɗa naman kilishi har a ga hasken rana ta cikinsa ba zai kasa yanka alminiyam ba. Na ce ni mahauci ne, ban san buji ba balle karbirato. Ka ce, "Ka zama hannu, ni in zama kai." Na amsa ne don kunyar yayata, ba don na ga amfanin abin ba.

Daga Oktoba har Fabrairu, kullum in na rufe rumfa bayan la'asar sai in nufi zaurenka, mu yi ta yi har kiran magariba. Daga tukunyar alminiyam muke ƙera kapo, ina bugun ta da guduma a kan wani kututture da ka sassaƙa tun kana da lafiya, daidai siffar hancin jirgin da ke hoton. To, hancin siriri ne, injin kuwa dogo. Ranar da muka fara gwadawa, kan injin ya yi tsiri sama da murfin kamar tozon sa. Na ce abu mai sauƙi, a fasa sama a bar shi ya leƙo, wa zai gani in yana can cikin gajimare? Ka juyo da fuskarka wajena ka ce, "Jirgina ba shi da tozo." Ba ka ƙara ba, ni ma ban sake kawo maganar ba.

Muka kifa injin, kansa ya koma ƙasa. Sai buji, wato filogi, ya tokari cikin murfin. Na zaga masu kayan babur na Garwa kaf ina neman gajere, ban samu ba, sai wani direba ne ya samo mana a Marwa. Muka gama da wannan, salansa ta ce ba ta shiga, ta yi gefe kamar ƙahon da ya karkace. Ka sa na yanko bututun tsohon keke, na kai wa mai walda da awon da ka ba ni, aka yi wata siririya mai bin jikin injin. Karbirato kuma yana goga bango, sai da muka yi masa lanƙwasasshen wuya muka mayar da shi baya. Sau nawa na kwance injin nan na mayar, na matsar da shi gaba kaurin farce, na dawo da shi baya, don farfela ta juya ba ta taɓa leɓen murfin ba, Allah kaɗai Ya sani. Kai kana zaune, ba ka gani sosai, amma in na ɗaure ƙusa sai ka sa yatsa ka ce wannan ta fi 'yar'uwarta ƙarfi, sassauta. Kuma in na duba haka ne.

Ban san ranar da abin ya shiga raina ba. Na dai tsinci kaina ina sara ƙashi a kasuwa, hankalina yana kan wuyan karbirato.

Kapo biyu na ɓata. Na farko na huda ramin farfela a karkace. Na biyu ya yage a ƙarƙashin guduma. Ko sau ɗaya ba ka ɗaga mini murya ba, sai dai ka ce yanzu ka san inda ƙarfe ke gajiya. Na uku kuwa, Yaya Hawa'u ce ta fito da babbar tukunyar da mahaifiyarmu ta kai mata ɗakin aure, ta ajiye a gabanmu ta koma ciki. Irin alminiyam ɗin da ne, mai kauri da laushi. Sati uku ina bugun ta a hankali. Da ta zauna a hancin jirgin ta haɗiye injin gaba ɗaya, ba tozo ba ƙaho, ka shafa ta daga sama har ƙasa, na ga ruwa a idonka.

Abu ɗaya ya rage. Ka yi mini bayani fiye da sau goma: injin da aka rufe kamar mutum ne a ɗaki marar taga a watan Afrilu. Iska za ta shiga ta gaba, mun sa 'yan faranti a ciki da za su tilasta ta bi ta haƙarƙarin injin ta kwashe zafi. Amma iska in ta yi zafi kumbura take yi, don haka dole ƙofar fitarta ta fi ta shigarta girma. Ka ce in yanka ƙofa a ƙasan kapo, faɗin yatsa huɗu.

Wata ranar Laraba ce. Jikin ya matsa maka, kana kishingiɗe a tabarma. Na kai rabin yankan sai na ga siririyar tsaga, kamar silin gashi, ta kama daga kusurwa tana neman tafiya. Na tuna tukunyar wace ce, na tuna biyun da na ɓata, na tuna ruwan da na gani a idonka. Sai na tsaya a nan. Na goge bakin da magagari, na yi sauri na ɗora murfin a jirgi na ɗaure.

Ka ce, "Ka auna, Salisu?"

Na ce, "Na auna, Yaya."

"Huɗu?"

"Huɗu."

Ka yi hamdala. Ba ka miƙa hannu ka duba ba. Shekara arba'in da wani abu ban taɓa yi maka ƙarya ba, me zai sa ka duba? Muka tayar da injin a tsakar gida na minti ɗaya, ya yi kuka mai daɗi, na ce wa raina ai ka gani, yatsa biyun ma sun isa.

Ranar Lahadi, 23 ga Fabrairu, saura mako guda a kama azumi, muka fita da shi wani fako a gefen hanyar Pitowa. Da sassafe muka shirya tashi, motar da za ta ɗauke mu ta makara, ba mu isa ba sai da rana ta yi sama. Ranar kasuwar Pitowa ce, masu wucewa suka yi ta tsayawa har wurin ya cika. Muka zaunar da kai a kujera. Na murza farfela, injin ya kama, Raudatu ta riƙe rimot. Jirgin ya ruga a kan fako, ya ɗaga hanci, ya bar ƙasa.

Yaya, ban taɓa ganin fuskarka haka ba. Idanunka ba sa kaiwa gare shi, da kunne kake bin sa, kanka yana juyawa duk inda ya juya, leɓunanka suna motsi. Ya zaga mu sau uku, rawaya a cikin shuɗin sama, mutane suna tafi. Kuma kai ka fara ji, tun kafin kowa ya lura. Ka ce, "Raudatu, sauko da shi, yana zafi." Kafin ta gama juyo da shi kukan ya ɗauke ɗif. Ya ɗan yi shawagi, ya karkata, ya zo ƙasa da hanci. Minti huɗu ke nan tsakanin tashinsa da faɗuwarsa.

Ni na ɗauko shi na kawo gabanka. Murfin ya lotse, yana da zafin da ba a iya riƙewa. Ka jira ya huce, ka bi shi da hagunka har ka kai ƙasa. Na ga yatsunka biyu sun shiga ƙofar, na uku ya ƙi. Ka ɗago kai wajen da nake tsaye, sannan ka juya ga jama'a ka ce, "Lissafina ne bai yi daidai ba. Tsufa ne." Wasu suka yi dariya, wasu suka ce sannu Baba. Kafin mu kai gida hoton faɗuwar ya zaga wayoyin Garwa, ana kiransa jirgin tsoho. Ni ina tsaye a wurin, da bakina da harshena, ban ce uffan ba.

Daga ranar na ɗauke ƙafa daga gidanka. Na fake da azumi, na fake da aikin sallah, nama ma sai in ba mai moto ya kai. Ranar idi na hango ka a filin salla ana riƙe da kai, na bi ta wata hanya. Kwana hamsin.

Ranar Talata, 15 ga Afrilu, ina cikin ciniki sai ga tasi ta tsaya. Raudatu ta fito da kai, ta zaunar da kai a bencin rumfata, ka ce ta je ta yi cefanenta. Ka rame ƙwarai. Muka gaisa, na rasa inda zan sa idona. Ba ka tambaye ni ko na yi ko ban yi ba. Cewa ka yi, "Salisu, me ka gani a ƙarfen da ya sa ka tsaya?"

Na ce tsaga ce.

Ka yi ɗan murmushi. "Da ka faɗa mini, da mun huda ɗan rami a bakin tsagar, nan za ta tsaya. Aikin minti biyar ne."

Ina da shekara hamsin da shida, da jikoki, amma a gaban masu sayen nama na yi kuka. Ka bari sai da na lafa, sannan ka ce jirgi tukurwa ne da tukunya, ana sake wani. Abin da ya yi maka ciwo shi ne kwana hamsin yayata tana kallon ƙofa, har sallah ƙaninta bai shigo ba. Na tambaye ka me ya sa ka ɗauki laifin a gaban mutane. Ka ce, "Raudatu ce ke riƙe da rimot. Da na yi shiru, da ta ɗauka ita ce. Da na ce kai ne, da ta rasa kawu." Ka ce maganar ta tsaya tsakanina da kai. Ka ce injin bai mutu ba, zai gyaru, in nemi tukunya mai kauri in zo ranar Juma'a bayan masallaci mu fara.

Na sayi tukunyar ranar Laraba. Juma'ar ta same mu a zaman makokinka.

A wurin zaman nan ne na ji mutum biyu a bayana suna hira ƙasa-ƙasa. Ɗaya ya ce Allah Ya jiƙan Malam, makanike ne na gaske, sai dai a ƙarshe tsufa ya ci lissafinsa. Ɗayan ya ce haka ne. Ba mugunta suke yi ba, abin da ka faɗa da bakinka suke maimaitawa. Kana raye ka iya ɗaukar laifina, haƙƙinka ne. Amma a ce da shi za a riƙa tunawa da kai, wannan ban iya ba.

Bayan addu'ar bakwai na shiga na faɗa wa Yaya Hawa'u da Raudatu komai. Yaya Hawa'u ta ce Allah Ya yafe mana baki ɗaya. Raudatu ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Kawu, duk da abin da Baba ya faɗa, kwana hamsin ina zaton hannuna ne ya makara. Har ya rasu ban iya kallon jirgin ba." Ta tashi ta shiga ɗaki. Har yau da nake rubutun nan ba ta ɗaga wayata ba, kuma ban ga laifinta ba.

Ka gafarce ni, Yaya, karo na biyu ke nan ina saɓa maka. Ka ce maganar ta tsaya tsakaninmu, ga shi na fito da ita. Duk wanda ya ga hoton nan a waya ya yi dariya, duk wanda ya tsaya a fakon Pitowa, ya sani: lissafin Malam Hanzala daidai yake, hankalinsa garau har ranarsa ta ƙarshe. Huɗu ya ce, biyu na yanka.

Ya Allah, ga bawanKa Hanzala ya zo gare Ka, Kai ne mafi tausayin waɗanda ake zuwa wurinsu. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka sa ciwon da ya sha ya zama kankarar zunubi. Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka sanyaya masa makwanci. Ya rufa asirin wanda ya cuce shi a gaban jama'a, Ka rufa nasa asirin ranar da ba mai rufawa sai Kai. Ka haɗa shi da iyayensa da namu a Aljannar Firdausi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga yayata Hawa'u, wadda ta yi shekara arba'in da ɗaya tare da shi, ta yi jinyarsa ba ƙorafi. Allah Ya ba ki haƙuri, Ya saka miki da mafificin alheri. Ina miƙa ta ga 'yan'uwansa na Bogo da na Marwa, da maƙwabtansa na Yelwa, Musulmi da Kirista, da duk wanda ya taɓa kawo masa injin da ya mutu ya koma da shi yana aiki.

Raudatu, 'yata, Allah Ya ba ki dangana. Ba hannunki ba ne, kin tuƙa shi yadda ya kamata, mahaifinki ya ji tashinsa da kunnensa kuma ya yi farin ciki. Ban roƙe ki ki yafe mini yau ba. Ranar da zuciyarki ta iya, kawunki yana nan yana jira.

Allah Ya jiƙan Yaya Hanzala. In tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani.

Salisu Usmanu
Kasuwar Garwa, 26 ga Afrilu 2025